Hannun Inna a Bayan Mai Ƙwai

Mahaifina ya fi shekara talatin yana dakon ƙwai a kan babur. Daga gonar kaji da ke bayan gari yake ɗauko su, ya jera kiret kan kiret har su wuce tsayin kansa, ya ɗaure da igiyar roba, sannan ya bi shaguna yana saukewa. Sunansa na yanka ya ɓace tun kafin in yi wayo. Mai Ƙwai kowa ke ce masa, har a wurin ɗaurin aurena da wannan sunan aka kira shi, jama'a suka yi ta dariya, shi ma yana taya su.

Abin alfaharinsa a duniya guda ɗaya ne, wai ƙwai bai taɓa fashewa a bayansa ba. Wannan kam ƙari ne, don mun sha cin soyayyen ƙwai a ranakun da babu dalili, Inna kuma ba ta taɓa tambayarsa daga ina ba. Amma a bar wa Baba abinsa, ya iya tuƙi. Ba ya gudu, ba ya fizga, ba ya taka birki kamar mai jin haushin wani. Ina ƙarama yakan ɗora ni a kan tanki, ya riƙa nuna min hanya da haɓarsa. Yakan ce rami daga nesa ake hango shi, in ka bari sai ya zo gaban tayarka to ka riga ka makara. Ni kuwa sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka Uwata yake ce min, ko lokacin da yake min faɗa.

Aure ya kai ni wata ƙasa. Maigidana gyaran wutar lantarki yake yi, ni kuma na samu aiki a ɗakin wanki da guga na wani otal. A can na koyi yarensu, na koyi yadda ake tsayawa a layi ba tare da an yi wa kowa magana ba. Labarin gida sai a waya. A wayar ne na ji cewa Baba ya ajiye dakon ƙwai, wai bayansa ke ciwo. A wayar ne kuma ƙanwata ta ba ni wani labarin da ya fi wannan daɗi.

"Yaya, iyayenki fa sun koma ango da amarya," in ji ta. "Ko kasuwa zai je sai da ita a baya. Ko gaisuwar mutuwa. Ta rungume shi ƙam kamar za a ƙwace mata shi. Unguwa duk an sa su a baki."

Na yi dariya har da hawaye. Inna da muka sani, wadda ko sunansa ba ta iya faɗa a gabanmu, ita ce yau take manne da bayansa a tsakiyar titi. Na ce tsufa ya zo musu da daɗi, Allah Ya ƙara danƙon ƙauna.

Da na haihu suka zo ganin jika, da bizar 'yan ziyara ta 'yan watanni. A saman bene muke, ɗaki biyu da falo da wani ɗan baranda da ba ya ɗaukar mutum biyu sai an yi rigima. Inna ta samu abin yi nan da nan, don jariri ba ya barin hannu ya huta. Baba kuwa sai ya zama kamar kujerar da aka rasa inda za a ajiye. Yini yake a baranda yana sauraron titi. Babur zai wuce a ƙasa, ya ce, "Wannan sarƙarsa ta saki." Wani ya wuce, ya ce, "Wannan yaron zai kashe injinsa, ba ya canza giya a kan lokaci." Bai taɓa leƙawa ya duba ba, ni kuma na ɗauka gwaninta ce.

Akwai wasu abubuwan da na gani ban ɗauke su komai ba. Ya zuba shayi a gefen kofi, ya ce kofunan ƙasar nan bakinsu ya cika ƙanƙanta. Da aka miƙa masa jikansa, da yatsunsa ya bi fuskar yaron, goshi da hanci da kunne, sannan ya ce hancin nasu ne. In za su sauka bene Inna ce a bayansa, hannunta a kugunsa, ni kuwa in kawar da kai ina murmushi.

Wata safiya ya ce zai sayi babur. Tun daga gida ya zo da shirinsa. Zai saya a nan, a yi masa rajista da sunansa, ya zaga garin da matarsa su ga duniya, in lokacin komawa ya yi kuma a kansa za su tafi, su ratsa iyaka su shiga unguwa da lambar ƙasar waje. Har ya riga ya faɗa wa abokansa na bakin shagon faci su saurari zuwansa.

Muka tafi wurin wani dillali mai sayar da babura na hannu, wani ƙaton mutum da rigarsa ba ta rufe cibiyarsa. Ni ce tafinta. Baba ya bi baburan ɗaya bayan ɗaya yana shafawa, ya matsa taya, ya ja birki, ya sa yatsa a bakin salansa ya shinshina. Ya sa aka tayar da guda uku, ya saurara kansa a sunkuye, ya ce na tsakiya.

"Wannan baƙin ko, Malam?" Inna ta yi saurin cewa. "Ai kuwa baƙin ya fi kyau."

"Shi nake nufi," in ji shi.

Dillalin ya ce sayarwa ba wuya, rajistar ce aiki. Baƙon da ya shigo da bizar ziyara sai ya kai fasfo, da shaidar gidan da ya sauka, da lasisinsa na gida. Tunda kuma shekarunsa sun ja, sai an gwada idonsa a ofishin lasisi kafin a ba shi lamba da sunansa. Ya ce amma akwai hanya mai sauƙi wadda yawancin baƙi ke bi: a sa sunan wani ɗan uwa mazaunin ƙasar, shi ke nan, ba mai tambayar komai. Da na fassara maganar gwajin ido, na ga Inna ta gyara mayafinta ta dubi ƙasa.

Da yamma maigidana ya durƙusa gefen kujerar Baba ya ce, "Baba, ai da an sa sunana kawai, a huta da wahalar layi."

"Allah Ya yi maka albarka," in ji Baba. "Amma ni in shiga garinmu a kan babur, a tambaye ni na wa ne, in ce na surukina? Tun ina saurayi ban hau abin aro ba."

Inna ta ce a hankali, "Malam, da ka karɓi shawarar yaron nan."

Ni ce na tare ta. Na ce a bar Baba ya yi abinsa da sunansa, mutumin da ya yi shekara talatin a kan titi wane gwaji ne zai gagare shi? Bakina ba ya jiran a gayyace shi, kowa ya san ni da wannan.

Ranar zuwa ofishin na bar jariri wurin maƙwabciyata. Dillalin ya ba mu takardar da ta yarda a tuƙa babur ɗin zuwa can don dubawa. Su biyu suka hau, kowa da hular kwano, ni na bi su a tasi. Kai, na ji daɗi ran nan. Baba na tafe a gefen dama a hankali, ya kauce wa rami, ya kauce wa mai tura kaya, ya tsaya cak a danja. Har na taɓa kafaɗar direban na ce masa, ka ga tsohon can? Mahaifina ne, ƙwai ya yi ta ɗauka a kan babur shekara da shekaru, ko ɗaya bai fasa ba.

A farfajiyar ofishin aka duba babur ɗin. Aka gwada lambar inji da ta takarda, aka kunna fitila, aka danna hon, komai lafiya. Daga nan aka tura mu wani siririn ɗaki a ƙarshen baranda, ƙofarsa a buɗe, masu jiran layi zaune a benci suna iya ganin ciki. Mai gwajin mace ce, ba za ta girme ni ba, da farar riga da wata siririyar sanda a hannu. A bango akwai allo mai haske. Ba haruffa ne a jiki ba, wata alama ce kamar kan cokali mai yatsu, babba a sama, tana ƙanƙancewa zuwa ƙasa, wata ta kalli dama, wata hagu, wata sama, wata ƙasa. Ta ce baƙin da ba su karanta rubutun ƙasar ake yi wa da wannan. Abin da ake so kawai ya faɗi inda yatsun suka kalla.

Baba ya zauna. Inna ta tsaya a bayan kujerar, ta rataya jakarta da hulunan biyu a hannu ɗaya, ɗayan hannun kuma ta ɗora a bayansa, mayafinta ya sauko ya rufe. Mai gwajin ta dube ta, na ce matarsa ce, haka suke, ba sa rabuwa. Ta yi murmushi ta ɗaga sanda.

"Dama," in ji Baba. Na fassara.

"Hagu. Sama. Hagu. Ƙasa."

Ko numfashi ba ya ja. Aka sauko layi na uku, na huɗu, har ƙananan da ni kaina sai na ƙanƙance ido. Na juya na dubi mutanen benci don in tabbatar suna kallo. Abu ɗaya dai ya ɗan ba ni mamaki, duk sanda ya ce dama sai jikinsa ya ɗan karkata dama, kamar mai shan kwana.

Sai wayar ofishin ta yi ƙara. Matar ta sauke sandar ta juya ta ɗauka. Daidai lokacin igiyar jakar Inna ta zame daga kafaɗarta, hulunan suka yi nauyi, ta yi wuf ta damƙi gefen rigar Baba don kada ta tuntsura.

"Hagu!" in ji Baba da ƙarfi.

Babu abin da ake nuna masa. Sandar tana kan tebur. Wani saurayi a benci ya tuntsire da dariya, na kusa da shi ya zungure shi. Matar ta ajiye wayar, ta dubi Baba, ta bi inda idonsa ya kafe da kallo. Ni ma na bi. Ba allon yake kallo ba, wata farar takardar sanarwa ce da aka manna a gefensa.

Cikin ladabi ta ce in roƙi Mama ta zauna a waje. Inna ba ta jira na fassara ba. Ta cire hannunta daga bayansa, ta fita, ta zauna a ƙarshen benci ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

Matar ta ɗora sandar a kan alamar farko, wadda girmanta ya kai tafin hannu. Baba ya gyara zama. Ya miƙo wuyansa gaba, ya juya kai gefe kamar mai leƙe ta ramin ƙofa. Hannunsa ya tafi bayansa yana laluben wurin da nata yake.

"Dama," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Alamar kuwa sama ta kalla. Na rasa ko in fassara abin da ya faɗa ko in gyara masa. Kunya ta rufe ni tun daga tafin ƙafa, na ji kamar an tuɓe mu mu uku a gaban layin nan. Kunyar abin da suka yi, da kunyar surutun da na yi ta zubawa, da wata wadda ta fi su zafi, cewa mutumin nan ya yi makonni a falona yana laluben kofi ban gane ba.

Matar ta yi magana mai tsawo, ba da faɗa ba. Ta ce ba za ta iya sa hannu ba. Ta ce bai kamata ya sake tuƙi ba, a nan ko a ƙasarsu, don ransa da na matarsa da na mutanen da ke kan hanya. Ta ce a kai shi wurin likitan ido cikin makon nan, kuma babur ɗin kada ya fita daga farfajiyar da shi a kai.

"Baba," na ce, "wai a dawo wani lokaci, yau ba za a gama ba."

"Uwata," ya ce, "maganarta ta fi haka tsawo. Faɗa min abin da ta ce."

Na faɗa masa. Da bakina, da harshen da ya koya min, na gaya wa Mai Ƙwai cewa ba ya gani kuma kada ya ƙara hawa babur. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce in yi mata godiya. Da ya miƙe sai ya nufi bango maimakon ƙofa, na kama hannun rigarsa.

Na ce a kira maigidana ya zo ya tuƙa babur ɗin gida. Baba ya ce a'a, shi ya kawo shi, shi zai mayar. Haka ya kama kan babur ɗin ya tura shi da ƙafa, ta titin da ɗazu ya bi a kai. Rana ta take, gumi ya jiƙa masa riga. Inna na gefensa, hannunta a kugunsa. Ni ina baya ɗauke da hulunan, kuma a karon farko na ga abin da hannun nan yake yi. Ga kwalbati a gaba, ta mintsine shi a dama, ya kauce. Ga yaro da keke, ta danna ƙashin bayansa da babban yatsa, ya tsaya. Ta ɗan tura tafin hannunta sama, ya ci gaba. Wannan ce soyayyar da unguwa ta sa a baki, wadda na yi wa dariya har da hawaye.

A kicin na tsare Inna, Baba na ɗaki ya rufe ƙofa.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ya dawo da kaya duk a fashe," ta ce, tana wanke kofin da yake a wanke. "Rami ne a hanyar da ya fi sani a duniya, bai gan shi ba. Ya zauna a ƙofar ɗaki, gwaiduwa har a gemunsa, ya ƙi cin abinci. Washegari na ce ya kai ni gidan yayata. A hanya na ga zai hau kan wani tudu, na mintsine shi. Daga nan ne."

"Inna, da kun kashe kanku fa? Ko ɗan wani?"

"Kina tsammani ban sani ba? Duk ranar da na sauka daga bayansa sai na gode wa Allah da muka dawo da rai." Ta ajiye kofin. "Na yi masa maganar asibiti ya fi a ƙirga. Tsoro yake ji a faɗa masa abin da aka faɗa masa yau. Ni kuma na kasa zama ina kallonsa a tsakar gida ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ba daidai na yi ba, na sani. Kada ki ƙara min."

Ban ƙara mata ba, duk da bakina cike yake.

Likitan ido ya ce ciwon ya daɗe yana cin jijiya a ɓoye. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a riƙe ɗan abin da ya rage da maganin ɗigawa safe da yamma. Ya ce da an zo da wuri da an ceci da yawa. Wannan karon ban rage ko kalma ɗaya ba wurin fassara.

Babur ɗin da sunan maigidana aka yi masa rajista a ƙarshe. Ranar da aka ɗaura lambar, Baba ya kira shi falo, ya miƙa masa makulli da hannu biyu, kansa a ƙasa. Ya ce ya riƙa duba sarƙa duk mako, kuma kada ya bari mai ya ƙare ƙaf a tanki. Maigidana ya karɓa a durƙushe, shi ma ya kasa ɗaga ido. Daga ranar Baba bai sake zama a baranda ba.

A bas suka koma. Da safen tafiyar, kaya na ƙasa ana jiran tasi, sai Baba ya ce da ni, ba tare da ya juyo ba, "Uwata, ɗauke ni hoto a kansa. Mutanen shagon faci za su tambaya. In nuna musu dai na saya."

Aka turo babur ɗin tsakiyar farfajiya, aka kafe shi. Ya hau, ya kama kai, ya miƙe bayansa kamar da. Inna ta hau baya ba tare da an ce mata ba. Na ja da baya don lambar ta fito, na ce, "Baba, kallo nan."

Ya ɗaga fuska ya yi murmushi sosai, yana kallon igiyar shanyar maƙwabta, can nesa da inda nake tsaye. Sai na ga hannun Inna ya motsa a ƙarƙashin mayafi. Ya juyo hagu a hankali har ya fuskance ni, na danna.

Ƙanwata ta ce hoton yana manne a bangon shagon faci yanzu, duk wanda ya gani sai ya ce kai, ango da amarya. Ni ma ina da shi a wayata. In na buɗe, ba fuskarsa nake fara kallo ba, yatsunta biyu nake nema a gefen rigarsa.